Daga Majigi Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Hoto a Aikin Kiwon Lafiya

Tun kafin wayar hannu ta shiga aljihun kowa, ma'aikatan lafiya sun gane cewa ilimin da ya tsaya a littafin likita ba ya tare annoba. Sai ya fito ya kai ga manomi da mai jego da ɗan kasuwa, kuma hanyar da aka fi bi wajen kai shi ita ce hoto. Yanzu da hotunan barkwanci da gajerun bidiyo suka cika WhatsApp da Facebook da TikTok, ana ta ja-in-ja kan ko ya dace a ɗora maganar cuta da mutuwa a kansu. Tarihin wannan sana'a na kusan shekara ɗari ya ba da amsa: hoto yana amfani idan abu ɗaya tak yake nema daga mai kallo, kuma akwai wanda jama'a suka yarda da shi tsaye a bayansa. Duk inda aka rasa ɗaya daga cikin biyun nan, kyawun zane bai ceci kowa ba.

A shekarun 1920 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta addabi Legas, sai wani jami'in duba-gari Bature, William Sellers, ya fara haska wa mutane hotuna da fim don su ga alaƙar ɓera da ciwon. Aikin ya bunƙasa har a 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai don ƙasashen da take mulka, ta ɗora shi a kai. Daga nan motocin majigi suka yi ta ratsa Arewa. Mota za ta iso gari da yamma da injin wuta, a kafa farin allo a ƙofar fada ko gidan hakimi, yara su zauna a gaba, manya a baya, a nuna haƙa masai, tsaftar rijiya da lambar rigakafi. Sellers ya raina fahimtar 'yan Afirka, ya shimfiɗa ƙa'idar cewa sai an yi musu fim a hankali ƙwarai kafin su gane, kuma wannan raini tabo ne a tarihin majigi. Abin da ya raya majigin shi ne mutumin da ke tsaye gefen allo da lasifika yana sharhi da Hausa, yana saka raha, yana kawo misali da abin da mutanen garin suka sani. Hoton daga nesa ya zo, amma muryar ta gida ce.

Yaƙi da agana ya nuna ƙarfin hoton da bai wuce buƙata ɗaya ba. A shekarun 1970 ma'aikatan Hukumar Lafiya ta Duniya a Indiya da Bangladesh da Habasha da Somaliya sun riƙa yawo da kati mai hoton yaro da ƙuraje sun rufe masa jiki. Suna ɗaga shi a kasuwa da makaranta, tambayarsu ɗaya: kun ga mai irin wannan? Katin bai bayyana ƙwayar cuta ba, bai koyar da yadda lamba ke aiki ba. Ya dai mai da kowane ɗan makaranta mai neman cutar, inda aka same ta kuma a yi wa na kewaye rigakafi. An ga mai agana na ƙarshe da ya kamu a cikin jama'a a garin Marka na Somaliya a 1977, aka sanar da kawar da ita a 1980. Haka aka bi da kurkunu a Najeriya, inda ƙidayar ƙarshen shekarun 1980 ta sami sama da mutum 650,000 ɗauke da shi. Ba shi da magani, ba shi da allura. Da zanen mace tana tace ruwa da ƙyalle a bakin tulu, da 'yan sa-kai na ƙauye masu bayaninsa, da ziyarar mutane irin su Janar Yakubu Gowon aka kai ga tabbatar da ƙasar ta rabu da shi a 2013.

Shan inna kuwa ya nuna iyakar hoto. A 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin a Kano, ba takardun manna wa bango aka rasa ba, amana ce ta yi ƙaranci, musamman ga mutanen da ba su manta da gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a 1996 ba. An koma rigakafin a 2004, kuma hoton da ya yi tasiri a shekarun da suka biyo baya shi ne na sarki ko malami yana ɗiga maganin a bakin yaro a bainar jama'a. Alamun aikin ma ba su da ado: tawada a ƙaramin yatsan yaro, rubutun alli a jikin katanga mai nuna an shiga gidan. A Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Zamanin intanet bai rushe wannan ƙa'ida ba. Zanen da ya fi yawo a farkon annobar korona, mai tudu biyu, ɗaya dogo mai tsini, ɗaya gajere mai faɗi, asalinsa wata takardar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ce ta 2007. Ya yi shekaru a ajiye, sai a 2020 aka ƙara masa layi mai nuna iyakar majinyatan da asibitoci za su iya ɗauka. A Maris na shekarar, masaniyar ƙwayoyin cuta Siouxsie Wiles da mai zanen barkwanci Toby Morris na ƙasar New Zealand suka mai da shi hoto mai motsi, suka bar kowa ya kwafa ya fassara kyauta. Mai kallo yana gane saƙon nan take: a rage cuɗanya don kada marasa lafiya su taru a asibiti lokaci guda. Sunayen masu shi kuma suna jikinsa.

Masu suka suna cewa taƙaita kimiyya a hoto guda yana gurɓata ta. Akwai gaskiya a nan, domin zanen tudu biyu bai faɗi tsawon lokacin da za a zauna a gida ba, bai kuma yi maganar wanda sai ya fita yake samun na tuwo ba. Amma ba a taɓa ɗora wa katin agana aikin koyar da likitanci ba. Aikin hoto ya sa mutum ya ɗauki matakin farko. Sauran bayani na ma'aikacin asibiti ne da rediyo. Laifin yana kan hukumar da ta saki hoto ta koma ofis.

Suka ta biyu ta fi nauyi: hanyar da gaskiya ke bi, ita ƙarya ke bi, har ta fi gudu. A Agusta 2014, bayan Ebola ta shigo Legas, saƙo ya zagaye wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Cutar ta tsaya a Legas da Fatakwal, jita-jitar kuwa ta kai ko'ina, har aƙalla mutum biyu suka rasu sanadin shan gishirin. Saƙon ya cika sharaɗin farko, don abu ɗaya ya nema. Na biyun kuma aron sa ya yi, tunda daga wayar uwa ko aboki ya fito. Wannan bai zama hujjar barin fagen ba, domin in masana suka janye, masu gishiri kaɗai za su rage a cikinsa.

Akwai kuma masu ganin raha ba ta dace da maganar ciwo ba. Mai sharhin majigi ya ba mutane dariya, 'yan wasan kwaikwayon rediyo ma haka, saƙon bai zube ba. Sharaɗin dai shi ne dariyar ta faɗa kan ganganci da jita-jita, kada ta taɓa majinyaci.

Babban abin da ya canza shi ne hoton yau yana tafiya ba mai sharhi. Saboda haka wajibi ne mai zane ya saka aikin mai sharhin cikin zanen: a tsara shi da Hausa tun farko, da boko da ajami inda ya dace, a haɗa da saƙon murya don wanda ba ya karatu, a sa kwanan wata da sunan hukumar da za a tuhuma idan maganar ta zama kuskure. Kafin a sake shi, a gwada shi a kan mutanen da aka yi shi dominsu, a kuma fara damƙa shi ga ungozoma da limami da mai unguwa, domin daga wayarsu ne jama'a za su karɓe shi.