Wa Ya Naɗa Dillalin Zane Alƙali?

Duk wanda ya shiga gidan baje kolin zane na 'yan kasuwa a Paris ko Landan ko New York zai lura ba a karɓar kuɗin shiga, kuma ba kasafai ake manna farashi a jikin kaya ba. Zane goma ko sha biyar ne a rataye nesa da juna, duk na mutum ɗaya, wani lokaci da mutum-mutumi biyu ko uku na tagulla a tsakar ɗaki. Mai gidan wakilin wanda ya yi aikin ne. Shi ke shirya masa baje koli, ya nemo masa masu saye, ya kula da farashinsa shekara da shekaru, sannan yawanci ya riƙe rabin kuɗin a matsayin la'ada. Da yawa suna ganin wannan mutum kaska ne da ya maƙale tsakanin mai fasaha da mai kuɗi. Tarihin sana'ar ya nuna wani abu dabam: dillalin ya samu wannan iko ne domin ya yarda ya zuba dukiyarsa a kan hukuncin idonsa, a lokacin da alƙalan gwamnati ke yanke hukunci ba tare da asarar ko sisi ba.

Kafin shekarun 1870, ƙofa ɗaya ce ke kai mai zane ga arziki a Faransa, wato babban baje kolin hukuma da ake kira Salon. Kwamitin tantancewa ne ke zaɓen abin da za a rataye, a jera dubban zane-zane daga ƙasa har rufi, a raba lambobin yabo, gwamnati ta sayi wanda ya yi mata. Wanda kwamiti ya kora, masu saye ma sukan guje shi. A 1863 korar ta yi yawa har Sarki Napoleon na Uku ya ba da umarni a buɗe wa waɗanda aka ƙi wani ɗaki na dabam, inda jama'a suka yi dafifi suna dariyar zanen Édouard Manet. A 1874 Claude Monet da Renoir da Pissarro da Degas da abokansu suka yi baje kolin kansu a tsohon ɗakin aikin mai ɗaukar hoto Nadar, suka tashi da bashi. A shekarar da ta biyo baya wasunsu suka kai kayansu gwanjo, aka saye su a wulaƙance. Wato sun kuɓuta daga kwamiti, amma ba su samu mai ciyar da su ba.

Paul Durand-Ruel ne ya cike wannan gurbi. Ya gaji shagon sayar da zane daga mahaifinsa, kuma ba shi ya fara dillancin zane ba. Gidaje irin su Goupil sun riga shi ƙarfi. Yaƙin Faransa da Purusiya na 1870 ya kora shi Landan, can ya haɗu da Monet da Pissarro waɗanda su ma gudun hijira suka yi, ya fara sayen aikinsu. A farkon 1872 ya je ɗakin aikin Manet ya kwashe zane 23 a kan faran 35,000 a zama ɗaya, alhali babu mai neman Manet a kasuwa. Daga nan ya haɗa dabarun da har yau ake bi: ya sayi aikin mutum da yawa domin farashin ya zauna a hannunsa, ya riƙa ba masu zanen kuɗin kashewa kafin a sayar da komai, har da biyan kuɗin haya da na likita, ya buga mujallu da littattafan kaya, sannan a 1883 ya jera baje kolin mutum ɗai-ɗai ga Boudin da Monet da Renoir da Pissarro da Sisley. Kafin rasuwarsa a 1922 ya sayi zanen Monet sama da 1,000 da na Renoir kusan 1,500. Bahaushen da ya san fatauci zai gane fatoma a nan: ya saukar da baƙon falke, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a gaban mutanen da ba su san shi ba, kuma idan ciniki ya lalace sunansa ne ke zubewa.

Zargi na farko da ake yi wa wannan tsari shi ne dillali ke ƙirƙirar farashi, ya hura wa kayan da ya tara iska sannan ya kira abin fasaha. Akwai gaskiya a ciki, domin Durand-Ruel yakan shiga gwanjo ya yi ta ƙara tayi a kan aikin mutanensa don kada farashi ya faɗi. Amma da a ce dabara kaɗai ke yin suna, da bai shafe kusan shekara 20 a bakin karayar arziki ba. Bankin Union Générale, wanda shugabansa ke ba shi rance, ya rushe a 1882, ya bar shi da bashi da ɗakunan ajiya cike da kayan da Paris ba ta so. Abin da ya cece shi shi ne zane kusan 300 da ya loda a jirgin ruwa ya kai New York a 1886, inda Amurkawa suka duba ba tare da raini ba, wasu kuma suka saya. Ga kuma Alfred Sisley, wanda dillalin ya sayi ɗaruruwan zanensa, ya yi masa duk abin da ya yi wa Monet, amma ya mutu a 1899 cikin talauci. Shekara ɗaya bayan haka aka sayar da wani zanensa na ambaliyar Port-Marly a kan faran 43,000. Dillali na iya hana farashi faɗuwa na ɗan lokaci, amma ba ya iya sa wa mutane son abu a ranar da ya ga dama.

Masu sassaƙa sun fi masu zane buƙatar irin wannan mutum, ko da yake ba a cika ambatonsu a labarin ba. Mai zane na iya gama aiki da ƙyalle da fenti, amma zubin tagulla sai da maƙera da kuɗi mai yawa tun kafin a ga mai saye. Dillali Ambroise Vollard, wanda ya yi wa mai zane Cézanne baje kolinsa na farko shi kaɗai a 1895, shi ne ya yi wa mai sassaƙa Aristide Maillol haka a 1902, ya kuma ɗauki nauyin mayar da ƙananan siffofinsa na yumɓu zuwa tagulla.

Zargi na biyu ya fi nauyi, kuma ba a wanke dillalai daga gare shi gaba ɗaya. Wanda ya ci kuɗin mutum kafin aiki ya zama bawansa, kuma idan farashi ya ninka sau ɗari, ribar na shiga aljihun wanda ya saya da arha ne. Wasiƙun Pissarro cike suke da ƙorafin jinkirin biya. Sai dai bambancin da ke tsakanin dillali da Salon shi ne dillalai suna da yawa. Da Monet ya ga ya yi ƙarfi, sai ya riƙa kai aikinsa wurin wani dillali, Georges Petit, ya sayar wa Theo van Gogh na gidan Boussod da Valadon a 1888, ya bar su suna gasa a kansa. Kwamitin hukuma ba shi da kishiya da za a gudu wurinta. Wannan kariya, a gaskiya, mai suna kaɗai take amfana. Sabon shiga yakan sa hannu a kan abin da aka miƙa masa. Shi ya sa yarjejeniyar da dillali Daniel-Henry Kahnweiler ya ƙulla da masu zane Braque da Picasso a 1912, cewa shi kaɗai zai sayi duk abin da suka zana a kan farashin da aka yanke, take da fuska biyu. Ta ba su kwanciyar hankalin yin aikin da kusan babu mai fahimta a lokacin, ta kuma tara ƙwansu a kwando ɗaya. Da yaƙi ya ɓarke a 1914, Faransa ta ƙwace kayan Kahnweiler saboda Bajamushe ne, aka yi gwanjonsu tsakanin 1921 da 1923, ɗaruruwan zane suka cika kasuwa, farashi ya karye.

Inda kasuwa ta kasa gyara kanta, doka ce ta sa baki. Jean-François Millet ya rabu da zanensa L'Angélus a kan kimanin faran 1,000. A 1889, shekara 14 bayan rasuwarsa, aka sayar da shi a kan faran 553,000, iyalinsa ba su ga komai ba. Labarin na cikin abubuwan da suka sa Faransa ta kafa doka a 1920 wadda ta ba mai zane ko magadansa wani kaso duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa a gwanjo. Tarayyar Turai ta ɗauki tsarin a 2001, Birtaniya ta fara aiki da shi a 2006. Amurka, wadda kasuwarta ta fi ta kowa girma, har yanzu ba ta da irin wannan doka a matakin tarayya.