Dreamcast: Na'urar wasa da masoyanta suka ƙi bari ta mutu

Dreamcast na'urar wasan bidiyo ce da kamfanin Sega na ƙasar Japan ya fitar a shekarar 1998. Ba ta daɗe a kasuwa ba, domin kamfanin ya daina ƙera ta a watan Maris na 2001, kuma jimillar da aka sayar a ƙarshe ta kai guda miliyan tara da ɗoriya.

Abin da ya raya ta shi ne wata kafa a tsarinta: akasarin na'urorin suna karanta manhajar da aka ɗora a faifan CD na gama-gari ba tare da an sauya musu komai ba. Masu satar fasaha sun ci gajiyar kafar, amma ita ce ta buɗe hanya ga masu rubuta manhaja a gida. Da KallistiOS, manhajar da ake samu kyauta, suke haɗa sababbin wasanni, wasu ma har kasuwa suke shiga, kamar Sturmwind na 2013.

Sun kuma ƙirƙiri DreamPi, wadda ke aiki a ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, tana haɗa na'urar da intanet na zamani. A ƙarshen 2024 suka sa wasan Grand Theft Auto III ya yi aiki a kanta.