Gandun Nanyuan da Barewar da Ta Tsira a Bayan Katanga

A kudancin birnin Beijin akwai wani fili mai fadama da tafkuna, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 200, inda sarakunan ƙasar Sin suka riƙa farauta tun zamanin daular Yuan, aka kewaye shi da katanga a zamanin daular Ming, sannan daular Qing ta gaje shi da sunan Nanyuan. Talaka ba ya shiga wurin, kuma wanda aka kama ya taɓa dabbar sarki hukuncinsa mai tsanani ne. Abin da ya sa tarihin wannan gandu ya wuce labarin nishaɗin sarakuna shi ne, a cikinsa ne wata irin barewa da Sinawa ke kira milu ta rage bayan ta ƙare a daji, kuma duk milu da ke raye a duniya yau daga garken nan asalinta ya fito.

Barewar da ake nufi a nan dabam take da wadda aka sani a dazukan ƙasar Hausa. Barewa da gada da gwanki dangin shanu da awaki ne, ƙahonsu yana da kube, ba ya reshe, kuma yana zama a kansu har mutuwa. Ita kuwa milu tana cikin dangin da masana ke kira Cervidae, waɗanda ƙahonsu ƙashi ne zalla mai rassa, yana faɗuwa kowace shekara wani ya tsiro a gurbinsa, kuma a mafi yawansu maza kaɗai ke da shi. A nahiyar Afirka wannan dangi ba shi da wakili na asali sai jar barewar dazukan Aljeriya da Tunisiya.

Ko a cikin danginta, milu ta fita dabam. Jelarta doguwa ce kamar ta jaki, fuskarta ta miƙe kamar ta doki, kofatonta kuma mai faɗi ne yana buɗewa idan ta taka laka, abin da ke nuna cewa dabbar fadama ce mai son ruwa da iyo. Rassan ƙahon namijin suna komawa baya ne, saɓanin sauran barewa da nasu ke fuskantar gaba, kuma yana zubar da shi a tsakiyar hunturu. Ƙasusuwanta da aka haƙo da yawa a Anyang, hedikwatar daular Shang ta fiye da shekara 3,000 da suka wuce, sun shaida cewa ta taɓa cika kwarurukan Rawayan Kogi da kogin Yangtze. Sai dai wurin da take so shi ne wurin da manomin shinkafa yake so, don haka da noma ya yi ta cinye fadamu, farauta kuma ba ta tsaya ba, sai ta yi ta ja da baya har ya zama ba a ganinta sai a bayan katangar sarki.

A shekarar 1865 wani limamin Katolika ɗan Faransa mai suna Armand David, wanda ya haɗa aikin mishan da nazarin dabbobi da tsirrai, ya leƙa ta saman katangar Nanyuan ya hangi garken. Ya gane cewa dabba ce da masanan Turai ba su sani ba, ya biya masu gadi a ɓoye suka ba shi fata da ƙasusuwa, ya aika da su Paris, inda masanin dabbobi Alphonse Milne-Edwards ya bayyana ta a 1866 da sunan Elaphurus davidianus. Daga nan jakadun Turai suka shiga neman ta da rai, aka fitar da 'yan kaɗan zuwa gidajen ajiye namun daji na Paris da Berlin da wasu birane. Ba don ceto aka yi wannan jigila ba, sha'awar mallakar baƙon abu ce kawai, amma da ba a yi ta ba da irin ya ƙare, domin a tsakiyar shekarun 1890 kogin Yongding ya yi ambaliya ya rusa wani sashe na katangar, dabbobi suka fantsama cikin ƙauyukan da yunwa ta addaba aka cinye su, sannan a 1900, lokacin tawayen 'yan Boksa, sojojin ƙasashen waje da suka mamaye Beijin suka ƙarasa abin da ya rage.

Waɗanda ke Turai ma ba su ji daɗin keji ba, haihuwarsu ta yi ƙasa ƙwarai. Herbrand Russell, basaraken Ingila mai riƙe da sarautar Duke na Bedford na 11, shi ne ya tattara guda 18 daga gidajen namun daji dabam-dabam ya sake su a gandunsa na Woburn, mai faɗi da ciyawa da tafkuna, kuma daga cikinsu 11 ne kawai suka hayayyafa. Garken ya sha wuya saboda ƙarancin abinci a yaƙin duniya na ɗaya, ya sake farfaɗowa, har bayan yaƙi na biyu magajin Russell ya ga haɗarin ajiye dukan irin a wuri ɗaya, inda annoba guda za ta iya share shi, ya fara rarraba 'ya'yansu ga wasu wuraren.

Nan ne maganar gado ta shigo. Kowace dabba tana ɗauke da kwafi biyu na ƙwayoyin gado, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa, kuma abin da masana ke kira bambancin ƙwayoyin gado shi ne yawan nau'o'in da ke yawo a cikin garke baki ɗaya, wanda da shi ne iri ke jure wa sabuwar cuta ko sauyin yanayi. Idan dubban dabbobi suka koma goma sha ɗaya, duk nau'in da babu shi a jikin goma sha ɗayan nan ya tafi ke nan, kuma 'ya'yansu ba su da abokan barbara sai 'yan uwansu na jini, abin da kan haɗa kwafi biyu na ƙwayar gado mai lahani a jikin ɗa guda. Makiyayi ya san wannan tun kafin ɗakin bincike, shi ya sa yake nemo bijimi daga wani garke. Binciken farko a kan DNA na mitokondiriya, wato ɗan sashen gado da ake samu daga uwa kaɗai, ya tarar da milu kusan iri ɗaya ce duk inda aka duba. Amma da aka karanta jerin gadonta gaba ɗaya, a wani nazari da aka buga a 2018, an tarar da bambanci fiye da yadda aka zata, kuma masu nazarin sun yi hasashen cewa daɗewar da ta yi tana barbara tsakanin dangi a ƙaramin garke ta tace yawancin ƙwayoyin masu kisa tun kafin bala'in 1900. Idan hasashen ya tabbata, to ƙarnukan da ta yi a tsare a Nanyuan su ne suka shirya ta don ƙuncin Woburn.

Matsayinta a cikin dangi ma ya daɗe yana rikita masana. Tun 1878 Victor Brooke ya raba barewa gida biyu bisa yadda ragowar ƙasusuwan yatsun gefe suke a ƙafar gaba, kuma binciken DNA ya gaskata wannan rabo a dunƙule: gida ɗaya ya ƙunshi jar barewa da sika da muntjak, ɗayan kuma ya ƙunshi barewar ƙanƙara da mus da barewar nahiyar Amurka. Milu tana gida na farko, amma saboda siffarta an ware mata jinsi nata ita kaɗai. Da aka duba gadon uwa, sai ta faɗo kusa da barewar Eld ta kudu maso gabashin Asiya, alhali wasu alamomin suna kusantar da ita ga jar barewa da 'yan uwanta, abin da ya sa wasu masana ke ganin cewa asalinta gaurayen tsofaffin zuriya biyu ne. Hujjar da ke ƙarfafa kusancin ita ce, tana da kuromosom 68, wato ƙunsoshin da gado ke jere a cikinsu, daidai da jar barewa, kuma a gonakin kiwo na Niyu Zilan an haɗa su sun haifi 'ya'ya masu haihuwa. A cikin wannan gida na farko kuwa, macen muntjak ta Indiya kuromosom 6 gare ta, 'yar uwarta ta ƙasar Sin da ta yi kama da ita tana da 46, wanda ke nuna cewa kamannin jiki ba ma'auni ne abin dogaro ba wajen gane zumunci tsakanin barewa.

A 1985 aka mayar da milu 20 daga Woburn zuwa wani yanki na tsohon gandun Nanyuan, a 1986 kuma aka kai 39 daga gidajen namun daji na Birtaniya zuwa Dafeng, a gaɓar tekun lardin Jiangsu. Daga Beijin aka kafa wani garke a Shishou ta lardin Hubei, kuma ambaliyar Yangtze ta 1998 ta fitar da wasu daga shinge, suka haye kogi suka zauna da kansu har zuwa yankin tafkin Dongting. Yawansu a ƙasar Sin ya haura 10,000 a yanzu, kuma wannan nasara ce da ba ta da yawan misalai a tarihin kare namun daji. Duk da haka ƙidaya ba ta dawo da gadon da ya ɓace, domin dubban nan duka jikokin goma sha ɗayan Woburn ne, don haka musayar dabbobi tsakanin garken Beijin da na Dafeng da na Shishou, da kare fadamun da suka rage musu, sun fi ƙara yawan kawuna muhimmanci ga makomar wannan iri.