Tamanrasset: Tsibirin da Yashi Ya Kewaye

Mai karatu, idan aka ce tsibiri, nan da nan sai zuciyarka ta tafi teku. To amma duk wanda ya taɓa tasowa daga Agadas, ya bi ta Arlit da Assamaka da In Guezzam har ya hango duwatsun Ahaggar, ya san akwai tsibirin da ba ruwa ne ya kewaye shi ba. Tamanrasset ke nan. Tana zaune a tudun da ya haura mita 1,300, kuma ruwan saman da take samu a shekara bai cika wuce milimita 50 ba, abin da Kano kan samu a dare ɗaya na watan Agusta.

A shirinmu na wannan mako mun taɓo maganar da masana ke yayi yanzu, wato magance matsalar muhalli da dabarun da ke tafiya tare da halitta. Ƙungiyar IUCN ta ba wa abin ma'ana a hukumance a 2016. A tsibiran teku ana dasa itatuwan bakin ruwa don tare igiya maimakon gina katangar siminti, amma kukan masana ɗaya ne: ana dasawa, ba a dawowa a auna shekara da shekaru a ga me ya tsira. Wannan kukan ya shafe mu, tarihin Ahaggar kuwa shaida ne.

Sai a tsakiyar ƙarni na 19 noma ya kafu sosai a Ahaggar, lokacin da manoma daga Tidikelt da Tuwat suka zo suka buɗe lambuna a wurare irin su Ideles da Tazrouk da Abalessa. Sun zo da fasahar fogara. Ga yadda take: ana haƙa rijiyoyi a jere, a haɗe gindinsu da rami mai ɗan gangare, sai ruwan da ke kwance ƙarƙashin yashin kwari ya gangaro da kansa har gona. Babu inji, babu mai. Kuma fogara ba ta iya ɗibar fiye da abin da ƙasa ta ba ta. Sai dai kada mu yi wa tarihi kwalliya. Masu haƙa ramin da noman, kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona suke samu, sauran na masu ƙasa ne. Lambunan ma ba su ishe jama'a ba, shi ya sa ayarin Buzaye ke ɗaukar gishirin Amadror zuwa Damargu su musanyo gero. Ka ga tun ba yau ba hatsin ƙasar Hausa ke cikin tukunyar Ahaggar.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne awo. A Tuwat da Tidikelt akwai mutumin da sana'arsa ke nan, ana kiransa kiyal el-ma, ma'aunin ruwa. Da farantin tagulla mai huji-huji yake auna rabon kowane gida, a rubuta a littafi. A 2018 hukumar UNESCO ta sa wannan ilimi cikin jerin al'adun da ke bukatar ceton gaggawa, domin masu shi sun tsufa, matasa ba su gada ba.

Me ya faru a tsakani? Injin famfo ya shigo. Rijiya mai zurfi ta janye ruwa ƙasa, fogara da yawa suka ƙafe. Ƙauyen da Charles de Foucauld ya sauka a 1905 ya tarar da 'yan bukkoki, ya zama babban birni mai cike da baƙi daga Nijar da Mali, inda za ka ji Hausa a kasuwa kamar kana Tawa. Da ƙishirwa ta yi yawa, gwamnatin Aljeriya ta shimfiɗo bututu daga In Salah, tafiyar kilomita kusan 750, aka buɗe shi a 2011. Aiki ne babba, ya kuma share wa mutane hawaye. Amma ruwan da yake kawowa tsohon ruwa ne da ya taru a ƙarƙashin Sahara tun dubban shekaru, wanda da ƙyar damina ke mayar da shi. Mutanen In Salah sun san darajarsa, shi ya sa suka fito zanga-zanga a 2015 kan haƙar iskar gas da suke tsoron za ta gurɓata shi.

To ga tambayoyin da ya kamata jami'o'inmu su riƙe. In kwarin Tamanrasset ya kawo ambaliya, nawa ke nutsewa ƙasa, nawa ke tafiya a banza? Ƙaramar katangar dutse a cikin kwari za ta iya tayar da matacciyar fogara? Wa zai yi aikin, kuma wa zai ci amfanin, don kada a maimaita rabon kashi ɗaya cikin biyar?

Kada ka ce wannan maganar 'yan boko ce kawai. Dubi Maradi da Damagaram. Tun shekarun 1980 manoma suka fara barin gawo da sauran itatuwa su tofo a gonakinsu. An yi kusan shekara ashirin kafin masu bincike, da hotunan tauraron ɗan'adam, su gano cewa abin ya kai hekta miliyan 5. Da an auna da wuri, da an yaɗa da wuri.

Saboda haka, mai karatu, in akwai dattijo a unguwarku da ya taɓa shiga ramin fogara ko ya san inda ruwa ke kwana a kwari, je ka zauna da shi, ka rubuta abin da ya faɗa, ka aiko mana. Za mu karanta a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.