Ƙananan dodon koɗi a ruwan Jazira da Damazin: yadda ake gane masu yaɗa tsagiya

Ƙananan dodon koɗi kan bayyana a tukunyar gilashin kifi ko kwamin kiwon kifi ba tare da an saka su ba. Ƙwayayensu ne ke shigowa manne da ganyen ciyawar ruwa. A ƙauyukan Hausawa na Jazira da bakin Shuɗin Nilu, daga Mai Wurno zuwa Damazin, gane irinsu batun lafiya ne, domin wasunsu ne ke raino tsutsar tsagiya, wadda ake kira bilharziya.

Madatsar Sennar ta 1925 da ta Roseires ta 1966 sun samar da magudanan ban ruwa masu tafiya a hankali, cike da ciyawa, irin wurin da waɗannan halittu suke so.

Ana riƙe ƙoƙon da ɗan hantsaki, tsininsa sama, bakinsa na fuskantar mai dubawa. In bakin yana hagu, ƙoƙon kuma ɗan kumburarre ne mai kamar santimita 1, ana zargin Bulinus ne, mai ɗaukar tsagiyar fitsarin jini. In ƙoƙon a baje yake kamar naɗin faifai, babu tsini, wannan Biomphalaria ne, mai ɗaukar tsagiyar hanji, kuma ya yi yawa a magudanan Jazira.

Inda ake yawan kuskure shi ne Physa. Shi ma bakinsa hagu yake, amma ƙoƙonsa ya fi santsi da sheƙi da tsini, kuma ba ya yaɗa tsagiya. Bulinus yana da jan jini, Physa ba shi da shi. A kan ƴan ƙanana ido kaɗai ba ya isa, sai ma'aikacin lafiya ya duba da madubin ƙara girma.

Mai baki a dama da siririn ƙoƙo Lymnaea ne, wanda ke ɗaukar tsutsar hantar shanu da tumaki. Dogon nan mai kama da kusa, mai murfi a baki, Melanoides ne, ba ya ɗaukar tsagiyar mutum.

Ba kowane Bulinus ko Biomphalaria ke da cutar ba, sai wanda ya zauna a ruwan da fitsari ko bayan gidan mai cutar ya shiga. Wanda aka ƙyanƙyashe a cikin tukunyar gilashi ba ya gadonta. Haɗarin yana tare da wanda aka kwaso daga magudana, domin tsutsotsin da yake saki suna huda fata. Saboda haka ba a taɓa shi ko ruwansa da hannu tsirara. Masu bincike kan ajiye shi a kofin ruwa mai tsabta a ƙarƙashin haske, su jira fitowar tsutsotsi masu jela biyu. Wanda ya ga jini a fitsari ya je asibiti, maganin praziquantel ne ake bayarwa.