Garin Alabukun da Gidan Odulate

Alabukun farin garin magani ne da ake sayarwa a ɗan ƙunshi, ana jiƙa shi da ruwa a sha don ciwon kai, zazzaɓi da ciwon jiki. A Kano da wuya a neme shi a rasa, tun daga kemis-kemis na lungunan Kabara da sauran unguwannin cikin ganuwa har zuwa tiren masu talla a tasha. Asalinsa kuwa Abeokuta ne, a ƙasar Yarabawa.

Wanda ya ƙirƙiro shi, Jacob Sogboyega Odulate, an haife shi a Ikorodu a 1884. Tun yana matashi ya koyi haɗa magani, sannan ya buɗe shagonsa a unguwar Sapon ta Abeokuta, inda ya fito da garin a 1918. A wancan zamani likitoci ƙalilan ne, asibiti na nesa, magungunan da kamfanonin Turawa ke shigowa da su kuma sun fi ƙarfin aljihun talaka. Odulate ya haɗa asfirin da kafin, sinadarin nan da ke cikin goro da kofi, ya ƙulla shi ƙanana yadda ɗan dako ma zai iya saya. Jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a 1911, da fataken da ke safara tsakanin Kudu da Arewa sun buɗe wa irin wannan haja kasuwa. Maganin yana da amfani, amma shan sa barkatai ganganci ne, musamman ga mai gyambon ciki, domin asfirin na iya jawo zubar jini a ciki.

Abin yabo ga Odulate shi ne inda ya zuba ribarsa. Ya tura 'ya'yansa karatu Ingila, har da mata, a lokacin da attajirai da dama ba su damu da ilimin 'ya mace ba. Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Folake Solanke, haihuwar 1932. Ta karanci Latin da lissafi a Newcastle, ta yi koyarwa, daga baya ta koma karatun lauya a Landan. A 1972 ta zama kwamishina a tsohuwar Jihar Yamma, a 1981 kuma ta zama mace ta farko da ta sami muƙamin Babban Lauyan Nijeriya. A 1994 ta hau shugabancin ƙungiyar Zonta ta duniya, mai fafutukar ci gaban mata.

Odulate ya rasu a 1962, amma sana'ar ba ta bi shi ba. Fiye da shekara 100 da fitowarsa, har yau ana yin garin ana sayar da shi da sunan da ya raɗa masa.