Sabon Gari da Samaru a Tarihin Neman 'Yancin Kai

Sabon Gari da Samaru duk a wajen ganuwar birnin Zazzau suke, kuma dukansu biyu zamanin Turawa ne ya haife su. Ɗaya jirgin ƙasa ya kawo ta, ɗaya kuma gonar gwaji da makaranta. Kogin Kubanni ya ratsa ta Samaru, sannan ya gangara ya raba Sabon Gari da Tudun Wada kafin ya faɗa Galma. A waɗannan unguwanni biyu aka daɗe ana muhawara a kan tambayar da ta fi kowace nauyi a siyasar Arewa: wa ya kamata ya mallaki al'amuran jama'a, kuma da iznin wa?

Turawan Ingila sun shigo Zazzau a 1902. Ba su rushe sarauta ba, sai suka ɗora mulkinsu a kanta. Sarkin da bai yi musu ba sukan tuɓe shi, kamar yadda suka yi wa Kwasau, sannan suka yi wa Aliyu Ɗan Sidi a 1920, aka kai shi Lakwaja. Wanda ya zauna lafiya da Razdan kuwa sai ya sami ƙarfin da ko magabatansa ba su samu ba, domin En'e ce ke riƙe da haraji da jangali, ita ke da 'yan doka da alƙalai da gidan yari. Talaka ya wayi gari da iyayen gida biyu, ɗaya a kan ɗaya. Shi ya sa kalmar 'yanci a Arewa tun farko take da fuska biyu: wasu Bature suke nufi ya tafi, wasu kuwa sandar ɗan doka ce ta fi damunsu.

Layin dogo da ya tashi daga Baro ya bi ta Zariya ya isa Kano a 1911. Daga baya aka ja wani ƙaramin layi zuwa Jos saboda kuza, wani kuma ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda. Zariya ta zama mahaɗa. Akawuna da direbobin jirgi da maƙera da 'yan kwadago suka zo daga Ikko da ƙasar Yarbawa da ta Ibo, har da Gwalkwas da Saliyo. Turawa ba su so su cakuɗa da mutanen birni, don haka aka yanka musu fili kusa da tasha, aka ja tituna miƙaƙƙu, aka kira wurin Sabon Gari. Sai dai ta Zariya ta bambanta da ta Kano, domin tun da wuri Hausawa da Nufawa da sauran 'yan Arewa suka cika ta. A nan ɗan dako zai ji akawu yana karanta jaridar Ikko da ƙarfi, ya ga ma'aikatan reluwe sun haɗa kai sun ƙi fita aiki a babban yajin 1945, wanda ya wuce kwana 40. Abin da aka gina don raba mutane shi ya zama makarantar siyasarsu.

Ƙungiyoyin farko ba su kira kansu na siyasa ba, domin yawancin 'yan boko ma'aikatan gwamnati ne ko na En'e, kuma kalma ɗaya na iya raba mutum da abincinsa. Malam Sa'adu Zungur, mutumin Bauchi, yana koyarwa a Zariya lokacin da ya fara tara matasa don tattaunawa, wajen farkon shekarun 1940. Ana farawa da maganar karatu da tsafta, a ƙare da maganar aikin tilas da zaluncin hakimai. Rashin lafiya ta mayar da shi gida, inda ya ci gaba da irin wannan taro tare da Malam Aminu Kano.   

A Zariya kuma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana edita. Jaridar gwamnati ce, amma shafin wasiƙunta ya koya wa mutane cewa ana iya rubuta kuka a sa hannu. A 1943 Imam ya tafi Ingila cikin ayarin editocin Afirka ta Yamma, ya ƙi sa hannu a takardar da Nnamdi Azikiwe ya tsara ta neman mulkin kai a kan wa'adi. Dalilinsa shi ne Arewa ba ta da isassun masu ilimin zamani, idan aka yi gaggawa za ta fita daga hannun Bature ta faɗa hannun Kudu. Wannan tsoro ya bi siyasar Arewa shekara da shekaru. A 1948 Dakta R. A. B. Dikko na Wusasa, likita na farko ɗan Arewa, ya jagoranci wata ƙungiya a Zariya, ta haɗu da takwararta ta Kaduna suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa, da manufar yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci. A 1951 ta koma jam'iyyar siyasa sosai, wato NPC, sarakuna da manyan En'e suka rungume ta.

Waɗanda suka ga cewa ba a yaƙar zalunci tare da masu riƙe da bulala sun riga sun ware. Ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, kalmarta kuma ita ce sawaba. Kalmar ta fi 'yanci kusa da jikin talaka, don tana nufin sauƙi bayan wuya. Sabon Garin Zariya na cikin wuraren da jam'iyyar ta yi saiwa, tsakanin teloli da mahauta da 'yan tireda da masu gyaran keke, mutanen da abincinsu ba daga baitulmalin En'e yake fitowa ba.

Yin NEPU a lokacin ba ƙaramar kasada ba ce. Ba a yin lacca sai da izni, mai ba da iznin kuwa ita ce hukumar da za a soka a laccar. In an hana an yi, laifi ne. In an bari an yi, mai magana ya ambaci sarki ko hakimi ta yadda ba a so, shi ma laifi ne. Ɗan doka ya kama, alƙalin En'e ya yanke, a kai mutum gidan yarin En'e, lauya ba ya shiga. Ko zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, kuma a matakin ƙarshe En'e na da ikon cusa nata mutanen, abin da ya sa nasarar da NEPU ta samu a ƙasa ta narke kafin ta kai sama.

A cikin wannan hali Hajiya Gambo Sawaba ta fito. An haife ta a 1933, sunanta na yanka Hajaratu, Gambo kuwa don ta biyo tagwaye. Mahaifinta mutumin Gwalkwas ne da aikin reluwe ya kawo shi, mahaifiyarta Banufiya, wato ita kanta 'yar Sabon Gari ce ta kowace fuska. Ta yi maraici da wuri, karatunta bai wuce firamare ba, aka yi mata aure tana da shekara 13. Tana da kimanin 17 ta shiga NEPU, ta zama shugabar mata ta reshen Sabon Gari, daga baya ta jam'iyyar baki ɗaya. Ta je Abekuta ta ga yadda Funmilayo Ransome-Kuti ta tara matan kasuwa a kan haraji. Aikin da ta fi yi shi ne wanda maza ba za su iya ba: shiga gida-gida, ta zauna da matan kulle a tsakar gida, ta yi musu maganar auren wuri da karatun 'ya mace da ƙuri'a, ta yanka musu katin jam'iyya. Saboda irin wannan aka kama ta a Kano, aka ɗaure ta, aka kore ta daga garin. An ƙirga ɗaurin da ta sha har sau 16, ban da duka da askin wulaƙanci. Samun mace ɗaya da ta jure haka a idon jama'a ya cire wa mutane da yawa tsoron gidan yari.

Arewa ta sami mulkin kanta ranar 15 ga Maris 1959, Nijeriya ta sami nata ranar 1 ga Oktoba 1960. A zaɓen 1959 mai ƙuri'a yakan shiga bayan labule ya tarar da akwatuna jere, kowane da alamarsa, fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, ya jefa takardarsa a wanda ya ga dama. Maza kaɗai ke shiga. Matan Arewa sai a 1976 aka buɗe musu ƙofa a zaɓen ƙananan hukumomi, babban zaɓe kuma sai 1979. Tutar Ingila ta sauka, amma kotun alƙali da 'yan doka suna nan a hannun da suke.

Akwai kuma kuka na uku, wanda ya fito daga kudancin lardin Zazzau. Al'ummomi irin su Bajju da Atyap da Adara sun daɗe a ƙarƙashin hakiman da ake turo musu daga birni, suna biyan haraji ga sarautar da ba ta jin harshensu. Sun shiga ƙungiyoyin neman yankin Tsakiya, wadda ta fi shahara ita ce UMBC. Kwamitin Willink da ya saurari koken ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958 bai ba da shawarar sababbin yankuna ba, maganar ta kwanta ba tare da ta mutu ba.

Samaru ta fara ne a matsayin tashar binciken noma a 1922. Daga baya kwalejin fasaha ta zauna a can, kuma ɗalibanta na zane, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a 1958 suna cewa ba za su yi ta kwaikwayon hannun Turawa ba alhali suna da zanen iyayensu. Ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Shigarta ta farko cikin siyasar ƙasa ba ta zo da daɗi ba. Bayan kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966, Janar Ironsi ya soke tsarin yankuna da doka mai lamba 34 ranar 24 ga Mayu. Ɗalibai a Zariya na cikin waɗanda suka fara fitowa zanga-zanga, kalmar da ta cika bakin mutane kuwa ita ce “a raba”. Zanga-zangar ta rikiɗe ta zama kisan Ibo a Sabon Garuruwan Arewa, har da na Zariya, aka sake yin wanda ya fi shi muni a Satumba da Oktoba. Tsoron mamaya da ya fito da mutane tsoro ne na gaske, amma waɗanda suka biya da rayukansu maƙwabta ne, 'yan kasuwa da ma'aikatan tasha da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Tashar da ta kawo su ita ta kwashe waɗanda suka tsira.

Ba a raba ba. Janar Gowon, wanda shi ma a Wusasa ya tashi, ya yanka ƙasar jihohi 12 a Mayun 1967, lardunan Zazzau da Katsina suka zama jiha ɗaya. A zamaninsa aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa En'e. Babban abin da NEPU ta sha ɗauri a kansa, soja ne suka zartar da shi da alƙalami.

Daga nan tutar ta koma hannun malaman Samaru. A sashen tarihi, Abdullahi Smith ya dage cewa a rubuta tarihin ƙasar nan daga takardun malamanta da bakin mutanenta, ba daga rahoton Razdan ba. Ɗalibinsa Yusufu Bala Usman ya kai maganar fagen siyasa. Shi da Segun Osoba suka ƙi amincewa da daftarin tsarin mulki na 1976, suka rubuta nasu rahoton, suna ganin 'yancin da bai taɓa maganar ƙasar noma da aiki da ilimi ba bai kai ga talaka ba. Bala Usman ya kuma yi ta jan kunne cewa ƙabilun da ake rantsuwa da su ba daga sama suka faɗo ba, tarihi ne ya haɗa su, kuma masu mulki na amfani da addini da ƙabila don su raba waɗanda wahalarsu ɗaya ce. Da PRP, magajiyar NEPU, ta ci jihar Kaduna a 1979, ya zama sakataren gwamnatin Balarabe Musa, wadda ta soke haraji da jangali kafin majalisa ta tsige gwamnan a Yunin 1981. A jami'ar aka yi taron 1982 da ya haifi ƙungiyar mata ta WIN. Ɗalibai sun ba da jininsu sau biyu, a zanga-zangar kuɗin abinci da ɗaki ta Afrilun 1978, da kuma ranar 23 ga Mayu 1986, lokacin da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a harabar.

Kukan kudancin Zazzau ya dawo da ƙarfi a rikicin Kafanchan na 1987, wanda wutarsa ta kai har Zariya, da na Zangon Kataf a 1992. A 1995 gwamnatin Kanar Lawal Ja'afaru Isa ta ba Atyap da Bajju masarautunsu, Gwamna Ahmed Makarfi ya ƙara wasu da dama bayan komawa mulkin farar hula. Neman jiha ta daban ga yankin har yanzu yana gaban majalisa duk lokacin da aka buɗe gyaran tsarin mulki.

Gambo Sawaba ta rasu a Oktoban 2001, babban asibitin Ƙofar Gayan yana ɗauke da sunanta. Sabon Gari yanzu ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta, Samaru na cikinta, hakimanta kuma suna ƙarƙashin Sarkin Zazzau ba tare da kotu ko kurkuku a hannunsu ba. Gardamar ta koma tsakanin ƙananan hukumomi da gwamnoni, a kan wa ke riƙe da kuɗi da kuma wa ke shirya zaɓe. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai doka ta sani, ba kantomomin riƙo ba.